An Zuba Manya a Saman Kwando

In aka ƙirga abin da nake tsoron rasawa a lokacin, ba shi da yawa: shekara guda ta aji uku a ƙaramar sakandare, malamin lissafi guda, da gurbi guda a makarantar kimiyya ta 'yan mata, wanda 'yata ta biyu ta ƙwallafa rai a kai. Amma har yau ban manta yadda aka yi wasa da su ba.

Ni dillalin tumatir da tattasai ne a Bauchi. Da kwando ɗaya na fara, ina sarowa daga masu noman rani a bakin dam ɗin Gubi, yanzu mota nake lodawa zuwa kudu. Ban yi nisa a boko ba, shi ya sa nake bin karatun 'ya'yana kamar yadda nake bin farashi.

Yarinyar nan ba ta da saurin ɗauka, amma in ta riƙe abu ba ta saki. Malamin lissafinsu, wani Kirista daga kudancin jiha, shi ya gane halinta. Yana maimaita mata ba tare da tsawa ba, har ta fara cewa likita za ta zama.

Ana haka wata ƙungiya ta kawo wa makarantar kwamfutocin hannu, waɗanda za su ishi aji ɗaya. Aka tara mu iyaye aka yi bayani: aji ɗaya zai yi karatu da na'ura, ɗayan zai ci gaba yadda aka saba, ƙarshen shekara a gwada su. In na'ura ta yi amfani, sai masu tsara harkar ilimi su baza ta a sauran makarantu. Na ce wannan magana ce ta hankali, ko ni ba na sayen sabon iri sai na ga gonar da aka gwada shi.

Ba a jima ba yarinyar ta dawo gida ta ajiye jaka, ta ce, "Baba, an mai da ni ajin baya." Ba ta yi kuka ba. Da na bincika, sai na tarar shugaban makarantar ya tsince duk masu ƙoƙari daga azuzuwan biyu ya zuba su ajin na'ura. Ya ba su ɗakin da ke da fanka da sola, ya haɗa musu da malamin lissafin. Sauran aka bar su da wani ɗan bautar ƙasa da ya karanci aikin gona, yau ya zo, gobe bai zo ba.

Na je ofishin shugaban. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare ni har na gama. Sai ya yi dariya.

"Haba Alhaji, kai fa ɗan kasuwa ne. In baƙo zai zo ganin kaya, ruɓaɓɓen kake ɗora masa a sama?"

Na ce, "Malam, a kasuwa mai saye ya san da haka, yana cusa hannu har ƙasa kafin ya biya. Kuma tumatirin ƙasan kwando ba shi da uba. Wannan tana da shi."

Ya ce in yi haƙuri, shekara ɗaya ce, makaranta ake nema wa suna. Shekara ɗayan nan kuwa ita ce ta jarrabawar shiga makarantar kimiyya.

Da masu auna aikin suka zo, a wani otal na GRA suka sauka. Aka kira taro, iyayen ajin na'ura kaɗai aka gayyata, ni na kai kaina. Shugabar masu auna aikin wata matashiya ce mai ladabi. Na faɗa mata komai a gaban jama'a, na tambaye ta ko sun gwada yaran kafin a raba su. Ta ce a'a, aikin ya iso musu a makare, abin da aka ɗora musu shi ne sakamakon ƙarshen shekara, amma za ta ambaci ƙorafina. Shugaban makaranta ya yi murmushi ya ce mata Alhaji mutumin kirki ne, zafi ne dai da shi. Wasu iyayen suka riƙa ja mini riga wai in zauna, kada in sa a kwashe na'urorin.

Sakamako ya fito, ajin na'ura ya yi wa ajin baya fintinkau. To da me ake tsammani? Waɗannan yaran ko a gindin bishiya ka zaunar da su da allo da alli, su za su zo na gaba. Aka yi ta yabo, aka ce a kai na'ura wasu makarantu. Malamin lissafin ma aka ɗauke shi ya je koya wa malamai yadda ake amfani da ita, makarantar ta wayi gari ba shi.

Ni ba gaba nake da na'ura ba. Ɗan maƙwabcina yana ajin, ya ce tana nuna lissafi dalla-dalla, in ka kuskure ta sake maka. Mai yiwuwa da ita ce daidai da irin 'yata, mai buƙatar maimaici. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. An samu damar sanin gaskiya, aka zubar da ita, aka kuma gina hukunci a kan awon da ba a yi ba.

Na ɗauko mata mai lesin, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ramin ya riga ya yi zurfi. Ta rubuta jarrabawar, lissafi ya kayar da ita.

Ga yadda cinikin ya tashi. Shugaban makaranta ya samu ƙarin girma. Ƙungiya ta samu rahoto mai kyau. Masu tsara ilimi sun sayi kwando ba su cusa hannu ba, har yau ba su san abin da ke ƙasa ba. Ni kuwa na sani: 'yata ce, da gurbinta da ya tafi, da maganar likita da ban sake ji a bakinta ba.