Ƙara ta Biyu

Gidanmu na Parakou yana bayan Gare, inda manyan motoci ke lodi. Mu da aka haifa a wurin mun daina jin hon ɗinsu. Yayana kaɗai ke ji, tun da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya fara jin muryoyin da babu masu su.

Mu kuma, da wayonmu, muka yanke cewa shiru ne ke jawo muryoyin. Sai muka hana shi shiru. Rediyo tun asuba, 'yan dubiya wannan na fita wancan na shiga, kowa da "ya jiki" a bakinsa. Duk bayan wata biyu sai ya sulale zuwa Djougou, ya zarce gonar doyar wani abokin mahaifinmu a Kolokondé. Ni ake aikawa in dawo da shi, ina tafe ina huci.

Ana gobe zan sake tafiya, 'yar ƙanwata ta zo hutu. Karatu take a waje, wai bincike a kan ɓeraye. Na tsokane ta cewa ga su nan fal a shagona, kyauta.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawu, a labo, ɗakin gwajinmu, muna buga musu ƙara sau biyu, tak, tak. Ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera tana zabura a ta farko, ta yi banza da ta biyu. Mai alamun ciwo irin na Kawu babba, ta biyu ma kamar ta farko take zo masa. Bon, ɓera ba mutum ba ne, amma ka saurari gidan nan."

Na saurara. Daka, rediyo, hon, sallama. Kunya ta rufe ni.

Washegari na tafi da maganinsa. Na kashe babur tun daga bakin hanya, na taka da ƙafa. Na same shi yana kafa wa doya sanduna. Da ya hango ni sai ya ajiye sandar, ya fara neman takalmansa.

Na ce, "Yaya, bar takalman. Magani kawai na kawo."

Muka zauna a inuwa. Ban tambaye shi jiki ba. Can ya ce, "Muryoyin suna nan har yanzu. Amma a nan ba su da mataimaka. Ina jin taka muryar."