Yaya Haruna da sanyin da bai zo Jidda ba

Shekara tara ke nan, a wannan watan, da aka ɗauki yayana Haruna daga gidanmu na unguwar Kurayyat zuwa makwancinsa. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin mutanen da suka mayar da shi abin dariya yana raye sun koma kafa hujja da sunansa, ni kuwa ban ga abin ƙyama kamar wannan ba.

Ga wanda bai san shi ba, a nan Jidda aka haife mu, jikokin wani alhaji da ya zo bai koma ba. Yaya Haruna ya yi shekara goma sha ɗaya yana girki a jirgin ruwa na dakon kaya, jirgin da ya riƙa kai shi tekun da ke can ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan yi makonni ba ta fito ba. Da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifiyarmu sai ya ajiye aikin, ya samu kafili, wato mai tsaya masa a takardun aiki, ya kama aiki a wani ɗakin sanyi na ajiye kifi kusa da tashar jiragen ruwa.

Bai dawo da dukiya ba, da magana ya dawo. Wani tsohon matuƙin jirginsu, mai son shayin da yake dafa masa, shi ya riƙa nuna masa taswirar yanayi. Ya nuna masa wuraren da a ƙuruciyarsa ƙanƙara ke rufe teku ruf, yanzu kuwa ruwa ne tsagwaronsa. Ni ce na fara jin bayanin, muna tsintar shinkafa a tsakar gida.

Ya ce, "Maimuna, ƙanƙara murfi ce. In ta narke, ɗumin teku sai ya hau sama. To akwai wata iska mai gudu can sama da ke kewaya duniya, ita ke tsare sanyi a arewa. Wasu masana na ganin in arewa ta yi ɗumi, gudun iskar na raguwa, ta fara karkacewa. Sai wata iska mai nauyi ta zo ta zauna wuri guda ta tare hanya. Kin ga yadda tirela ke mutuwa a titin Bab Makka, motoci su watsu cikin lunguna? Haka sanyin ke yi, ya gangara ƙasashen da ba su shirya masa ba, ya yi makonni bai tashi ba."

Na ce, "Yaya, kai ka tabbata?"

Ya ce, "Narkewar ƙanƙara na gani da idona. Sauran kuwa su kansu masanan ba su gama gardama a kai ba."

Kuskurensa shi ne da ya kai wannan magana mirkaz, wato gadajen hira da dattawan unguwarmu ke zama a kai bayan la'asar. Shugaban wurin shi ne Ammi Ɗahiru, wato Baffa Ɗahiru, tsohon direba, mutumin da bai taɓa shiga ko kwalekwale ba amma babu abin da bai sani ba a sama da ƙasa. Cikin mako guda suka raɗa wa yayana suna Malam Ƙanƙara. Manya da furfura, masu carbi a hannu, su ne ke kiransa don nishaɗi: "Ya Haruna, zo ka ba mu labarin tirelar sama." Shi kuwa sai ya zauna ya yi bayani tsakani da Allah, yana zaton tambaya ce.

Wani hunturu ya duba taswira ya ce musu akwai alamar iska ta tare hanya a arewa, mai yiwuwa sanyi mai tsanani ya gangaro, don haka masu lodi zuwa Tabuka, can arewacin ƙasar nan, su ɗauki bargo. Aka tambaye shi Jidda fa, ya ce bai sani ba. Kafin maganar ta isa ƙarshen layinmu an cire mata "mai yiwuwa", an cire "bai sani ba". Abin da ya rage shi ne wai Haruna ya ce ƙanƙara za ta sauka a Bab Makka. Direbobin da suka je arewa sun dawo suna cewa sun sha sanyi, amma wa ya tsaya jin su? A Jidda fanka ba ta huta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ammi Ɗahiru da mutum uku suka tare shi a ƙofar gida, kowa ya lulluɓa da bargo, gumi na zuba.

"Yalla ya shaikh, mun shirya. Ina ƙanƙarar?"

Unguwa ta ɗauki dariya. Dattijo mai jikoki ya yarda ya dafa kansa cikin bargo da tsakar rana don kawai ya wulaƙanta ɗan maƙwabcinsa. Har yau in na tuna, ba fushi ke fara zo mini ba, raini ne.

A lokacin Yaya Haruna na neman auren Safiyya, wata bazawara mai sayar da turare da atamfa a Bab Makka. Sun fahimci juna, mu ma mun fara shiri. Yayanta ya zo unguwarmu bincike, kuma bisa al'ada wurin dattawa ya nufa. Ammi Ɗahiru ya gyara zama ya ce, "Yaro ne mai salla, wallahi, ba ya shan komai. Sai dai teku ta ɗan taɓa masa kai." Shi ke nan. Daga gidan su Safiyya aka aiko mana da haƙuri, an fasa. Na ɗauki mayafi zan fita in sami dattawan mirkaz, Yaya ya tare ƙofa ya ce, "Halas, ya isa, Maimuna. Ammi ne, sa'an Baba ne." Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ranar na ce masa don Allah ya bar zancen tekun nan haka, ya ishe mu. Ya dube ni ya ce to. Bai ƙara ɗaga maganar a gabana ba, bai kuma yi aure ba, har ranar da zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki.

Yanzu ku zo ku ga mirkaz. Ya koma zauren hira na cikin waya. Duk hunturu sai an turo hoton raƙuma cikin dusar ƙanƙara a duwatsun arewacin ƙasar nan, ko wani birni na Turai da sanyi ya daskarar, sai muryar Ammi Ɗahiru ta biyo baya tana rawa: "Allahu akbar, marigayi Haruna ya faɗa mana, muna zaune da shi." Kuna zaune da shi kam. Na ga irin zaman.

Da Yaya na nan, na san abin da zai yi, kuma da sun sake tsanarsa. Zai ce musu dusar ƙanƙara ta saba sauka a waɗancan duwatsu tun kakanninmu ba su zo ba. Zai ce hoto ɗaya ba hujja ba ne, hunturu ɗaya ma ba hujja ba ne, sai an tara shekaru an auna. Zai ce tekun arewa na ƙara ɗumi, wannan babu musu, amma ko ita ce ta tsayar da iskar bana, a tambayi masu aunawa. Jiya sun tabbata mahaukaci ne, yau sun tabbata waliyyi ne. Tabbacinsu bai taɓa girgiza ba, domin tun farko ba su saurara ba.

Makon jiya Ammi Ɗahiru ya dogaro sandarsa har gidana. Wai za su yi taron tunawa da Haruna, suna son hotonsa. Na ba shi shayi, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Sannan na ce, "Ammi, kafin in ba ka, gaya mini abin da ya ce muku."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ya ce ƙanƙara za ta sauka, ya binti. Ga shi kuwa tana sauka."

Na ce masa hoton ya ɓace. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

To me ya rage na Yaya Haruna? Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, sunansa ma yana bakin waɗanda ba su cancanci ambatonsa ba. Na daɗe ina ganin babu abin da ya rage. Sai kwanan nan wata maƙwabciya ta gaya mini cewa Safiyya, wadda ta auri wani ta koma unguwar Waziriyya, duk shekara in watan rasuwar Yaya ya kama takan dafa shinkafa da kifi ta aika wa leburorin tashar jirgi, ta ce su yi wa wani bawan Allah addu'a. Na je na same ta a shagonta, na tambaye ta ko ita ta yarda da zancensa na teku.

Ta ce, "Wallahi ya ukhti ban taɓa gane shi ba. Na dai san bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na sayi turaren da ba na buƙata, na fito kafin ta ga idona. Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya masa makwanci.