Murjani Ya Haihu Ina Cikin Jego

Ni 'yar Kano ce, sai da na gama jami'a na fara ganin teku da idona. Amma aikin teku Allah Ya rubuta mini. Ina aiki a wani ɗakin bincike a Maryland, inda muke kiwon murjani a cikin tankunan gilashi. Mutanenmu a wuyan mata suka san murjani. Ba su san ƙananan halittu ne masu rai ba, waɗanda ke gina gidajen dutse a ƙarƙashin teku, kifaye su hayayyafa a ciki. Idan ruwa ya yi zafi sai su yi fari fat su mutu. Namu an ceto su ne daga wani wuri da ya kusa ƙarewa, aikina kuwa in sa su hayayyafa.

Sau ɗaya suke sakin ƙwai a shekara, bayan wata ya cika, cikin duhu. Na daɗe ina lallaɓa su da fitilu da kwamfuta, ina yi musu wata na ƙarya, na juya musu lokaci har darensu ya koma la'asar ɗinmu. Shekara da shekaru suna ƙi. Shekarar da suka yarda kuma, ita ce shekarar da na haifi ɗana na fari.

Mama ta zo daga Kano don yi mini wankan jego a gidanmu na Woodbridge. Ba ta zo da wasa ba. Tururin ruwanta ya sha tayar da ƙararrawar gobara, har maƙwabta suka saba. Kunun kanwa safe da yamma, kuma ko akwatin wasiƙu na ƙofar gida ba ta bari in leƙa. Aikina bai taɓa zama mata a kai ba. In an tambaye ta cewa take, "Likita ce, amma ta duwatsu."

Ina tsakiyar jegon abokiyar aikina ta bugo waya. Ƙwai sun nuna, gobe ko jibi za su saki. Idan ba a kwashe an haɗa su da wuri ba, lalacewa suke yi, sai wata shekara, kuma babu tabbacin waɗannan za su kai wata shekarar. Mutum biyu ne kawai a ɗakin, ba wanda ya taɓa yi a cikinsu.

Na sami Mama a kicin na gaya mata.

"Mai jego ba ta fita kafin arba'in," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Dutsen gudu zai yi?"

Na dubi maigidana ko zai sa baki. Mutumin da ke da surutu kamar rediyo, gaban surukarsa sai ya ga takalminsa na bukatar gyara. Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zo mini. Ba na son in saɓa mata, kuma na san in na zauna ba zan yafe wa kaina ba.

Na ce, "Mama, haihuwa za su yi. Ta fari ce, kuma ba wanda ya iya a kansu."

Ta ajiye ludayi. Ta juyo ta dube ni.

"Haihuwa? Kuma ba ungozoma?"

"Sai ni."

"To, ƙafata ƙafarki. Ki rufe kunnuwanki da kyau, a zuba kunu a fulas."

Washegari muka hau babbar hanyar I-95, gosulo ya riƙe mu. Mama ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, don haka ta kaina take aika masa: "Ki ce masa ya bi wancan layin, ya fi tafiya." Nan take ya bi.

Ɗakin duhu ne, sai jar fitila a goshinmu. Aka ba Mama kujera a bayan gilashin ƙofa, jikanta a goye. Muka yi ta jira har na fara jin kunya, ina tunanin abin da zan ce mata a hanyar komawa. Can sai ƙwaya ɗaya ta ɓalle daga jikin murjanin ta taso a hankali, sai wata, sai tankin ya cika da su kamar an watsa gero a ruwa. Na shiga kwasa ina haɗawa, ina gaya wa abokan aikina wanne za a haɗa da wanne. Tunda nake ban taɓa jin daɗin aikina irin na ranar ba.

Da muka gama, na sha kununa, na shayar da yaro, sannan na duba madubin ƙara girma. Ƙwayayen sun fara rabuwa biyu. Na kira Mama ta sa ido.

"Sun kama?" ta tambaya.

"Sun kama, Mama."

"To, Allah Ya raya."

Na ce amin. Kashegari da asuba na gan ta a bakin ƙofa da mayafinta a kafaɗa. Ta ce, "Tashi ki yi wankan mu tafi. Na ga tankin can na ƙarshe bai sauka ba tukuna."