Nairar da Na Kulle a Adaka

Raguna talatin na saya da sefa, kuɗin ƙasarmu, a kasuwar Gidigir, duk jarina ke nan. Na ƙosar da su da dusa da harawa, na tsallaka da su Najeriya gab da Layya, suka sayu da kyau. Na dawo garinmu Gure da naira cike da jaka.

A gidanmu ba a canza naira. Mahaifina ya yi fatauci lokacin da take da ƙarfi, ita yake kullewa a adaka, sefa kuwa ta cefane ce. Haka na gani, haka na yi.

Wata safiya ɗan canjin bakin tasha ya tare ni. "Alhaji, kawo nairar nan yau. Gwamnatin Najeriya ta sakar mata linzami, gobe farashina ba zai yi maka daɗi ba."

Na ce, "Malam, ribarka kake nema. Za ta tashi."

Ba ta tashi ba. Sai kuma shugabanninmu da na Najeriya suka ɓata, aka rufe iyaka, hanyar da zan bi in sayo kaya da ita ta toshe. In na canza, asara ta tabbata. In na riƙe, tana narkewa a adaka. Kullum sai in je in ji farashi, in dawo in zauna.

Ranar da gero ya ƙare a gida na kai wa ɗan canjin nairar. Ya ƙirga, ya ba ni sefa, bai yi mini gori ba. Na auni buhu biyu, ragowar na koma da ita Gidigir. Raguna goma sha shida ta saya, su ma ƙanana.