Ƙuli-ƙulin da aka hana Inna

Ranar da aka ce Nasara sun sakar mana ƙasa, cikin daminar 1960, ana ta kiɗa a dandalin ƙauyenmu kusa da Dogo, uwata kuwa tana bayan ɗaki, ɗaure da igiyar kaba a turken jaki. Ban wuce shekara goma ba. Na kai mata tuwon dawa da ruwan kuka, ba mai, ba daddawa. Ta karɓa, ta dube ni, ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Da ba haka take ba. Inna mace ce mai mafarki. Kullum da safe tana surfe ina kora mata kaji, sai ta ba mu labarin abin da ta gani cikin barci, rijiya ta cika da nono, ko kakarta ta dawo aron faifai. Maƙwabta kan leƙo ta saman darni su ce, "Yau kuma me aka gano mana?" Sana'arta mai da ƙuli-ƙuli, kuma ranar kasuwar Mirriya ba ta dawowa da saura.

Sai gero ya ƙi, shekara biyu a jere. Aka sayar da saniyarmu aka biya lanho, harajin Nasara. Abinci ya koma dawa da garin rogo. In an samu wake ko ɗan nama, akushin maza yake shiga, sannan mu yara, Inna ta kankare ƙanzo. Mafarkin ne ya fara tafiya. Ta tashi ta zauna, ta ce, "Na ga wani abu, ya gudu." Daga nan ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, ta je rijiya ta dawo ba tulu. Wuyanta da bayan hannuwanta suka yi baƙi, suka tsattsage kamar ƙasar tabki da rani. Ga gudawa, ga kuka ba dalili.

Baffa Ilu, wan babanmu, shi ke yanke magana a gidan. Ya ce iskokin da ke nuna mata mafarki ne suka juya mata. Ya kawo wani mai magani, ya yi hayaƙi, aka yanka zakara, ya kafa doka: ba gyaɗa, ba nono, ba wake, ba nama, har iskokin su ji yunwa su fita. Zakaran su biyu suka cinye. Da ta fara fita rana tsaka ba zane, suka ɗaure ta.

Matar Baffa ta gaji tukunyar suyar. Wata rana na ƙulle ƙuli-ƙuli biyu a bakin zanena na kai wa Inna. Tana cikin ci, Baffa ya faɗo. "Ke, 'yar banza! Aljanun kike ciyarwa?" Na ce, "Baffa, yunwa take ji." Ya ce, "Ba ita ke ji ba." Ya sa yatsa ya ƙwaƙulo na bakinta, ya zane ni da tsumagiya. Babana yana tsaye yana kallon ƙasa. Shi na fi jin haushi.

Ta rasu kafin a yanki sabon gero. Da kaka kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe gyaɗar gonarmu, buhu kan buhu.

Bayan na yi aure a Kara-Kara, cikin Damagaram, maƙwabciyata ta kamu da irin wannan ciwo, wuya baƙi, mantuwa, kuka. Na raka ta asibiti wurin lokotoro. Ya dubi wuyan nan ya ce ba iska ba ce, jiki ne ya rasa abin da dawa kaɗai ba ta bayarwa, kuma ƙwaƙwalwa ma da abinci take aiki. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a ba ta gyaɗa da nono da hanta. Wata bai ƙare ba ta gane 'ya'yanta. Ranar na zauna ƙofar gida ina tuna ƙuli-ƙulin da aka hana Inna.

Da Baffa ya rasu ban je gaisuwa ba. An ce in yafe, na gwada, ban iya ba. Yanzu a gidana mai girki ita ke fara ci, mazan su so ko su ƙi. Tsayawa nake a kanta har ta cinye, suna dariya wai tsohuwa ta rikice. Su yi ta yi. Inna ba ta samu mai tsaya mata ba.