Sallar da Na Gudu Sharaɗa

Shekarata bakwai ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda muke buga bokiti da buta, lokacin da na shirga wa matata wata ƙarya saboda Babbar Sallah.

Gidanmu a Zawaciki ɗaki biyu ne da falo. Amma da Sallah ta matso sai dangin matata na Jigawa su tuna suna ƙaunarmu. A wannan shekarar surukata ta zo da ƙannenta biyu, ga yayan matata da iyalinsa, ga wani tsoho da har suka tafi ban gano yadda muke da shi ba. Shi ya gaje katifata. Banɗaki sai an bi layi. Yayan nan, da ban taɓa jin ya yanka ko kaza ba, ya zagaya ragona sau uku ya ce, "Anya wannan an yaye shi kuwa?"

A wurin aiki ma babu sauƙi. Oda ta yi yawa, kuma kowa hutu yake nema; akwai wanda kakarsa ta rasu karo na uku. Ba a son kashe injinan, don haka dole wasu su zo ranar Sallah. Ina da aboki Kirista ɗan kudancin Kaduna, shi yake haɗa injina da nasa duk Sallah, ni kuma in riƙe masa da Kirsimeti.

Ya same ni ya ce, "Malam, kamar kullum ko?"

Na ce, "Bana bar shi, da kaina zan zo."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Son aikina nake."

A gida na marairaice fuska, na ce manaja ya rantse duk wanda bai zo ba a bakin aikinsa. Surukata ta daɗe tana ja wa bawan Allahn nan Allah ya isa.

Ranar Sallah muna saukowa daga idi na yanka rago, na miƙa wa yayan matata wuƙar fiɗa, na haye babur. Kamfani shiru, sai gurnanin inji. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin fanka na miƙe ƙafa. Babu mai kiran sunana, babu mai tambayar ina sabulu. Rabon da in ji daɗin Sallah haka tun ina gwauro.

Da la'asar maigadi ya leƙo ya ce ina da baƙi a bakin get. Na fita, sai ga Adaidaita Sahu, ga matata da kular abinci, ga surukata ta gyara mayafi. Wai ta zo ta ga manajan da ba ya tsoron Allah. Manaja kuwa yana gidansa yana cin nama. Abokina ne ya biyo ni don ya yi gaisuwa.

Ya rusuna ya ce, "Mama, barka da Sallah."

Ta ce, "Ɗana, haka ake yi? A raba magidanci da iyalinsa ranar Sallah?"

"Ai Mama, ni na ce zan riƙe masa, shi ya ƙi. Ya ce son aikinsa yake."

Ina ta ƙifta masa ido, sai ya juyo ya ce, "Malam, wani abu ne ya faɗa maka a ido?"

Matata ta miƙa masa kular ta ce su ci shi da maigadi. Shi kuma, don ya ƙarasa ni, ya ce in tafi gida kawai, zai ji da injina.

Na bi bayan Adaidaitar a hankali, ina fatan taya ta yi faci. A tsakar gida na tarar an ajiye mini baho cike da hanji da tumbi, aikin da ko a gidan ubana ban taɓa yi ba. Na naɗe hannun rigar Sallah na tsuguna.

Can matata ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, tana zuba mini ruwa. Na jira faɗa.

Ta rage murya ta ce, "Baban yara, abin da ya ƙona mini rai, ka samu wurin ɓuya ka tafi kai kaɗai. Ni an gaya maka ba su ishe ni ba?"

Dariya ta ƙwace mini har hanjin ya suɓuce ƙasa. Daga ɗaki surukata ta ɗaga murya tana tambayar me ake wa dariya. Matata ta ce, "Ba komai, Inna, hanji yake koyo."