Ranar Da Na Jefi Dattijo

Ban daɗe da barin Kano zuwa garin Germantown a ƙasar waje ba wani maƙwabcinmu ya ja ni filin wasan kurket. Ina da shekara goma sha biyar, ba aboki, Turancina kuwa na Kano ne, sai na maimaita magana ake gane ni. Abu ɗaya na iya, jifa. Mangwaron unguwarmu shaida ne.

Aka ba ni ƙwallo, aka ce in sheƙo da gudu in jefi sandunan nan uku da mai bugu yake karewa. Gudu dai akwai, saiti ne babu. Wata ta bi dama, wata ta bi hagu, wata Allah kaɗai ya san inda ta nufa. Duk da haka suka riƙe ni, filin ya zama wurin da nake ɗokin zuwa kowace Asabar.

Rannan wajen atisaye ƙwallona ta tashi ta daki wani dattijo a haƙarƙari. Ɗan Pakistan ne, gemu fari fat, sahu ɗaya yake sallah da babana. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Daga ranar, yaro in ya tsaya gabana sai ya ji a jikinsa, amma da na hango furfura sai hannuna ya mutu, in lallaɓa ƙwallon kamar mai miƙa goro. Dattawan nan kuwa ba su san kara ba, suka yi ta watsa min ita bayan fili. Kyaftin ya gaji, ya ce in ba zan yi jifa ba in koma benci.

Da Baba ya ji, ba benci ne ya dame shi ba. Ashe na jefi babba ban je ban haƙuri ba? Ya sa ni a mota da ledar lemu, muka nufi garin Manassas, inda dattijon yake zaune. Na durƙusa a falon mutumin, ya ɗaga riga yana nuna wa Baba tabon, yana dariya kamar an ba shi lambar yabo. Ya ce saiti abin koyo ne, shi zai koya min, amma gudu kyautar Allah ce.

"Ɗana, duk sanda ka rage min gudu, ce min kake na tsufa."

Ya riƙa ajiye hularsa a ƙasa yana cewa in same ta, kada in kuskura in sassauta. Hular nan ta sha wuya kafin lokacin zafi ya wuce. Har yau in na tuna shi sai na yi masa addu'a, don ba don shi ba da na bar filin nan, na koma zaman ɗaki.

Ranar da na tumɓuke masa sandar tsakiya, ban san lokacin da na durƙusa ba. Ya zo ya ɗaga ni.

"Tashi. Yau ka girmama ni."